Abin da Ya Raba Ni da Yaya Istifanus

Na san abin da kuke faɗa a bayana, ku 'ya'yana, ko da ba ku taɓa faɗa a gabana ba. Kuna cewa Mama ta ɓata da yayanta, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda fim. Har jikoki sun ɗauka. To, tun da sauran ƙarfi a hannuna, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, domin yawancinku kuna Yamai da Maradi a shekarar, abin da ya iso kunnenku guntu-guntu ne, kuma daga baki ɗaya ya fito.

Shekarar ce da Hannatu, matar autana Dauda, ta rasa ɗanta na fari. Yarinya ce daga wani ƙauye na Sarkin Yamma, ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta shiga kwaleji, sai mahaifinta ya kwanta ciwo ta koma gida. Da Dauda ya auro ta suka zauna tare da ni a gidanmu na Madarumfa, shi yana tuƙin mota tsakanin Maradi da Ɗan Issa, ita tana taya ni aikin garkar da na kama a bakin tafki bayan na ajiye alli. Yaron ya zo da damina, ya yi 'yan makonni, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin a yanke gero. Mutane sun zo gaisuwa, Kirista da Musulmi, gida ya cika, an yi addu'a, an ce mata sai haƙuri, ke yarinya ce, Allah zai ba da wani. Ta ce amin. Daga nan sai ta yi shiru. Tana tashi, tana daka, tana ban ruwa, tana kai salati da shu, wato kabeji, kasuwa, amma in ka yi mata magana sai ka ji kamar daga nesa take amsawa.

A lokacin akwai wani dogon fim na Hausa da ke zuwa kashi-kashi daga tsallaken iyaka, duk gari na kallonsa, wasu a tele, wasu a waya. A cikinsa akwai wata matar tela, ba ita ce babba a labarin ba, lokaci-lokaci ake nuna ta. A wani kashi jaririnta ya mutu. A kashi na gaba sai ga ta a gidan biki ta sha ɗauri tana dariya. Masu fim sun wuce wurin, Hannatu ba ta wuce ba. Matasan ikilisiyarmu da abokansu na gari suna da wani zaure a waya inda suke yin abin da suke kira ƙari: su ɗauki mutanen fim su rubuta abin da fim bai nuna ba, ko su canza ƙarshen da bai yi musu daɗi ba, su karanta wa juna, su yi gardama. Ba wanda ya sa su, don jin daɗinsu suke yi. Hannatu ta shiga, ta fara rubuta abin da ya faru da matar tela tsakanin ranar jana'iza da ranar bikin nan. Ni ban ma san tana yi ba. Abin da na lura da shi kawai, in mun zauna hutawa a inuwar mangwaro sai ta sunkuya kan waya tana dannawa, kuma ta fara cin abinci.

Yanzu sai in yi wa kawunku adalci, don ba na so ku ce na ci naman wanda ba ya nan. Yaya Istifanus shi ya tsaya gaban Baba ya ce sai an bar ni na ci gaba da karatu. Shi ya riƙa ɗauka ta a keke zuwa lakwal. Ya yi mushe, wato malamin lakwal, ya yi direkter, ya gama aiki yana anspekter mai zagaya makarantu, kuma dattijo ne a ikilisiya. Yana da ilimi, ba mai musu. Amma yana da wani hali tun muna yara: in ya ga kuskure sai ya ɗaga shi sama kowa ya gani, kamar mai nuna kifin da ya kama. Matasan nan, don girmamawa, suka sa shi cikin zaurensu wai ya riƙa gyara musu rubutu. Ba su san abin da suka jawo ba.

Ranar Kirsimeti a gidansa muke taruwa, kamar kowace shekara. An dawo daga majami'a, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, an sauke shinkafa da zabbi. Da surukai da jikoki da maƙwabta, har da Malam Sani mai su da ke kawo mana kifi a irin wannan rana. Hannatu tana raba abinci. Sai Yaya ya gyara tabarau, ya ɗaga wayarsa.

"Ku saurara, ashe muna da marubuciya a gidan nan ba mu sani ba."

Ya fara karantawa, yana sirantar da murya kamar ta mace. Yarinyar nan rubutun Faransanci ta iya, shi ta yi wa Hausa, inda za ta sa u sai ta sa o da u, inda za ta sa sh sai ta sa c da h. Shi kuwa sai ya riƙa rarraba haruffan da gangan.

"Sai ta yi ko-u-ka. Ta shiga ɗaki ta yi ko-u-ka. Ta fito ta yi ko-u-ka. Kai, matar nan ba ta da wani aiki sai ko-u-ka? Da hawaye na ban ruwa, da garkar ƙanwata ba ta buƙatar tafki."

Yara suka kwashe da dariya, don ba su san mi ake karantawa ba. Manya kuwa sun sani. Kowa a wurin ya zo mana gaisuwa watannin baya, shi kansa Yaya shi ya yi addu'a a bakin ƙaramin kabarin. Ba za a ce bai gane matar tela ko wace ce ba. Malam Sani ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Dauda ya kafa ido a kan kwanonsa. Yaya ya ci gaba, ya ce wannan ba rubutu ba ne, sata ce, ka ɗauki mutanen da wani ya ƙirƙira ka sa musu maganar banza a baki. Ya ce matar aure ta nemi abin yi. Hannatu tana tsaye da ludayi a hannu, miya na ɗiga a ƙafarta, ba ta motsa ba. Sai ta ajiye ludayin a hankali, ta durƙusa ta ce, "Na gode, Kawu," ta fita.

Wannan godiyar ce ta tayar da ni. Ba na tuna lokacin da na miƙe, sai dai na ji muryata.

"Yaya, ajiye wayar nan."

"Rahila, da ni kike?"

"Da kai nike. Shekara nawa kana zagaya lakwal-lakwal na ƙasar nan? Wa ya koya wa ɗiyan nan o da u? Mu ne, ni da kai. Mun hana su Hausa a aji, mun rataya wa wanda ya yi ta alama a wuya, yau kuma kana dariya don ba ta iya rubuta ta ba? Kuma ka san abin da take rubutawa. Ka sani sarai. Ka ɗauki ciwon yarinya ka yi wasan Kirsimeti da shi."

"Gyara nike yi. Su suka ce in gyara."

"Wanga ba gyara ba ne. Mai gyara yana son abin ya tashi. Kai so kake a ga ka iya."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni, sai ranar. Na ɗauki mayafina na bi bayan Hannatu, ban ci shinkafar ba.

Ta goge rubutun daga zauren, ta fita daga cikinsa, ta koma shirunta, har ya fi na da. Abinci ma sai na tsaya a kanta. Dauda ya zo yana ba ni haƙuri wai Kawu babba ne, ba yadda zai yi. Na ce masa matarka aka tozarta a gabanka kana kallon shinkafa, kada ka ba ni haƙuri, je ka ba ta. Sannan na ce ya nemo mini rubutun wurin abokansa da suka adana, ya sa mini a waya. Na karanta shi duka, da tabarau, a hankali, yadda na saba karanta aikin yara. Kuma ga gaskiyar da ba na ɓoye muku: akwai kurakurai, da yawa ma. Kukan ya yi yawa, Yaya bai yi ƙarya a nan ba. Kowa a labarin in ya buɗe baki wa'azi yake yi. Telan kansa ya ɓace a tsakiya kamar ƙasa ta haɗiye shi. Amma a cikin wannan duka akwai wani wuri da ya sa na ajiye wayar na fita waje. Matar tela ta lura cewa duk lokacin da ta gifta ta ƙofar shago, keken ɗinkin mijinta sai ya tsaya, in ta wuce ya ci gaba. Ba ya ce mata komi, ita ma ba ta cewa. Da ƙarar keke kawai take sanin yana kallonta. Wanda ya iya ganin wannan, ba a koya masa gani. Sauran duk ana koyo. Abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan: Yaya ya karanta wurin nan, da iliminsa ba zai kasa gane shi ba, ya tsallake shi ya tafi neman o da u.

Na bar kwanaki suka wuce. Wata safiya muna bakin tafki muna wanke salati, ba kowa kusa sai masu su can nesa cikin jirgi, na ce mata:

"Ɗiyata, na karanta labarin matar tela."

Hannunta ya tsaya cikin ruwa.

"Mama, ki yi haƙuri. Shirme ne. Na bari."

"Ban tambaye ki ko kin bari ba. Wurin keken ɗinkin nan, daga fim kika ɗauko shi?"

"A'a."

"Na sani. Na kalli fim ɗin, babu shi. Naki ne. Na koyar da yara har gashina ya yi fari, ban samu da yawa da suka rubuta abin da ya sa na ajiye takarda na fita shan iska ba."

Ta riƙa juya ganye ɗaya a hannu. Can ta ce, a hankali, Dauda ne. In ta wuce sai ya rage rediyo.

Ban ƙara komi ba ranar. Na ga ba ranar gyara ba ce. Sai da ta sake tayar da maganar da kanta, bayan kasuwa ta ci, ta ce to sauran fa, Mama? Na ce kina so in faɗa miki abin da na gani, ko kina so in karanta kawai in yi shiru? Duka biyu zan iya, ke za ki zaɓa. Ta ce in faɗa. Ko a nan ban zube mata kwando duka ba, abu ɗaya na ɗauka.

"Inda kika rubuta ta yi kuka, sau da yawa ban ji komi ba. Inda keke ya tsaya, ba wanda ya yi kuka, ni na yi. Mi ya sa, a ganinki?"

Ta yi tunani.

"Don can na nuna abin da ya faru. Nan kuwa na faɗa kawai."

"To, ki zaɓi wuri ɗaya da kukan zai zauna. Sauran wuraren ki tambayi kanki, hannunta mi yake yi a lokacin? Ina take kallo?"

"Tana ninke zanen goyo. Ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa."

"Rubuta wannan."

Haka muka riƙa yi duk rani, tsakanin ban ruwa da tsinkar tumati. Wani mako na tambaye ta ina telan ya tafi, ta yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinta tun damina, ta ce wallahi ta manta da shi a shago. Wani mako na ce ta saurari yadda matan kasuwa ke yi wa juna ta'aziyya, ba mai yin dogon jawabi, wata ma cikin gaisuwar za ta tambayi farashin albasa. Ta je ta saurara, ta dawo ta yanke wa'azin nan da hannunta. Maganar o da u kuwa ita na bari ƙarshe, kuma ba ta ɗauke mu komi ba. Na zana mata haruffan a ƙasa da tsinke, har da masu lanƙwasa, kafin ruwa ya gama zagaya shukar ta kama. Abin da aka tara dangi aka yi mata dariya a kai ke nan.

Ana cikin haka fasto ya zo gidana da dattawa biyu. Suka ce na kunyata babba a gaban yara, in je in roƙi gafara don zaman lafiyar gida da na ikilisiya. Na ba su ruwa, na saurare su har suka gama. Na ce ɗaga murya na ɗaga, kuma zan je in durƙusa in ce ban kyauta ba a kan muryar. Amma shi ma zai kira Hannatu ya ce mata bai kyauta ba. Ba a gaban jama'a ba ma, ko a soro, su biyu. Suka kai masa. Amsar da suka dawo da ita, wai shi, anspekter, dattijo, ya roƙi gafarar surukar ƙanwarsa a kan tatsuniyar waya? Na ce to, ni ma ina nan. Fasto ya ce Malama Rahila, yarinya ce, za ta manta. Na ce kun faɗa mata haka a kan ɗanta, yanzu kuma kuna faɗa a kan wannan, yaushe ne za a bar yarinyar nan ta riƙe wani abu ba a ce ta manta ba?

Kun san abin da ya biyo baya, don wannan ɓangaren ne aka ba ku labari. Kirsimeti ta zagayo ba a aiko mini ba. Matan zumunta da nake shugabanta suka fara zuwa taro da fuska biyu, na ajiye musu shugabancin. A majami'a Yaya zai gaisa da na damana da na haguna ya tsallake ni. Ku kanku kun yi ta bugo waya, Mama ki sauko, Mama ai Kawu ne. Ba ɗayanku da ya tambaye ni mi aka karanta ranar. Daga baya Yaya ya koma Maradi wurin ɗansa, ƙafa ta kumbura, na je duba shi. Ya karɓe ni, muka yi maganar ruwan bana da tsadar taki da mutanen da suka rasu. Na zauna ina jira, ina tsammanin shi ma jira yake. Ba wanda ya fara. Ya rasu ba mu koma yadda muke ba. Na yi kukansa, kuma har gobe in na ga tsoho a kan keke sai gabana ya faɗi. Wannan shi ne abin da na biya, ba ƙarami ba ne, kada wani ya ce muku ban ji ba. Amma in aka mayar da ni tsakar gidan nan, yarinyar nan na tsaye da ludayi, zan sake miƙewa.

Hannatu kuwa ta gama labarin tun a wancan ranin, kafin ruwan farko ya sauka. Ta ce ba za ta mayar da shi zauren ba sai na ga kashin ƙarshe. Muna zaune a bakin rumbu muna ɓarar gyadar iri ta miƙo mini waya. A ƙarshen nata, matar tela ta ɗaura kallabi ta tafi bikin nan da fim ya nuna, ta yi dariyar da aka gani, amma yanzu mai karatu ya san nauyin da ke ƙarƙashin dariyar. Nan ta tsaya. Na ce ya yi kyau ƙwarai, sai dai ina da shawara ɗaya. Masu karatu sun sha wuya tare da matar nan, mi zai hana ki nuna ta da ciki a ƙarshe, ko da a layi ɗaya, su samu abin da za su riƙe?

A lokacin ita kanta tana da cikin ɗanta na biyu, Bitrus, ya fara fitowa. Na ɗauka shawarar za ta yi mata daɗi. Ta ɗago kai ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidana.

"A'a, Mama. Duk abin da kika ce na gyara, na gyara, don na ga gaskiyarki. Wanga ba ni canza shi. In na ba ta wani ɗa a nan, kowa zai ce shi ke nan, an biya ta. Ba a biya ta ba. Wanda ya tafi daban ne."

Na riƙe gyada a hannu ban ɓare ba. Yarinyar da ta durƙusa ta yi godiya ranar da aka tozarta ta, yau ta ce wa uwar mijinta a'a, kuma ta san dalilinta.

Na ce, "Labarinki ne, ɗiyata. Tura shi yadda yake."

Ta goge hannu a zane, ta danna.